Kano, Sudan, Albaniya, Bangladash, Oman: yadda na dinga tashi daga wannan kulob zuwa wancan

Duk wanda ya ga an jera wa ɗan ƙwallo tutocin ƙasashe a gaban sunansa sai ya ɗauka ai wannan ya gama da talauci, ya zaga duniya ya tara. Ni na buga a Sudan da Albaniya da Bangladash da Oman bayan Najeriya, kuma gaskiyar da zan faɗa wa ƙannena masu tasowa ita ce yawancinmu ba daɗi ne ya yi ta yawo da mu ba, kwantiragin wata shida ne ko na shekara ɗaya, ya ƙare ka nemi gaba, ko kuma an ƙi biyanka ka tattara naka ya naka. Kuma duk tashi daga wata ƙasa zuwa wata akwai hanyar takardu da ake bi, wadda ba kocin da ya taɓa zaunar da mu ya koya mana ita, sai da muka tsinci kanmu a ciki tsamo tsamo. Ita zan rubuta yadda na bi ta.

Ni lamba shida ne, mai tare tsakiya. A filin unguwa na taso a Kano, ƙasa da tsakuwa, wani lokacin but ɗaya mu biyu muke karɓa karɓa. A gasar matasa ta Ramat Cup aka fara ganina, na shiga wata ƙungiya a NLO, wato rukuni na uku na lig ɗin Najeriya, daga nan NNL rukuni na biyu, sannan Allah ya sa na samu shiga firimiya. A lokacin a takarda an ce mafi ƙarancin albashin ɗan firimiya dubu 150 ne, amma duk wanda ya buga ya san abin da aka rubuta daban abin da ke shiga aljihu daban, ga zaman mota daga nan har Fatakwal ko Uyo, ka sauka ƙafa a kumbure gobe ka shiga fili. To dole hankalin kowa na waje. Balle mu da muka ga Ahmed Musa da idonmu a filin wasa na Sani Abacha ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a sizar 2009/2010, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, daga nan CSKA Mosko, Leicester, Al-Nassr, Turkiyya. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne shi kansa sai da ya jira ya cika shekara 18 a Oktoban 2010 kafin a yi masa rajista a can, domin dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan da ba su cika shafar ɗan Kurna ko ɗan Tudun Wada ba. Saboda haka duk wanda ya zo gidanku ya ce zai kai yaro ɗan 15 Turai ya sa hannu a kulob, a sayar da fili a ba shi kuɗin jirgi, wallahi ƙarya yake.

Abu na farko fasfo ne, kuma nan mutane ke raina abin. Sunan da ke fasfo ɗinka da ranar haihuwarka dole su zama iri ɗaya da na lasisinka na lig, harafi da harafi. Mu nan wani ya rubuta Muhammad wani Mohammed wani ya sa sunan uba gaba wani ya mayar da shi baya, ba mai damuwa, amma kwamfutar da ake shigar da cinikin 'yan wasa ba ta san wannan ba. Kocinmu na unguwa, Allah ya saka masa, shi ya riƙe hannuna muka je ofishin imigireshan da lasisina a hannu ya ce a rubuta yadda yake a nan. Ya kuma ce min, kai yaro, duk takardar da ka sa wa hannu a rayuwarka kar ka bar wajen sai da kwafi, ko za su kore ka. Sai katin rigakafin shawara, yalo kad, wanda in babu shi wasu ƙasashen a filin jirgi za su tsare ka. Maganar rage shekaru kuma, na ga yadda take ƙarewa, mutum yana 31 fasfo na cewa 24, kulob na sa ran zai yi musu gudun ɗan 24, jiki ya ƙi, sai a ce malalaci ne.

Sai ejan, wato dillalin da ke nema wa ɗan wasa kulob. Wanda ya fara fitar da ni wani mutum ne da ke kai 'yan wasa Sudan da Masar, ya ga bidiyona da aka haɗa min na 'yan mintuna, ya kira ya ce in ba shi mandet, wato takardar izinin ya nema min kulob. Abin da na tsaya a kai shi ne a rubuta ƙasar da izinin ya shafa da kuma ranar da zai ƙare, na ba shi Sudan kawai na 'yan watanni. Na san yaran da suka ba mutum uku mandet na duk duniya lokaci ɗaya, kulob ya so su, ejan uku suka bayyana kowa na cewa yaronsa ne, kulob ɗin ya ce ba ya son rigima ya ɗauki wani. Kuma ejan na gaskiya ba ya cewa ka turo kuɗin fom ko kuɗin inbiteshan, nasa kason yana fitowa ne in ciniki ya faɗa. Tun 2023 ma FIFA ta dawo da jarrabawa da lasisi ga ejan, kana iya duba sunan mutum a shafinsu ka gani ko yana ciki.

Baba bai so tafiyar ba da farko. Ya ce Sudan dai hanyar Makka ce kakanninmu sun bi ta da ƙafa, amma ƙwallo ba sana'ar da za ka ƙetare ƙasa dominta ba ce. Umma ce ta shawo kansa. A farkon 2016 na hau jirgi daga Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Khartoum, ba da kwantiragi ba, gwaji na je. Gwaji kuwa ba abin da ya fi shi cin rai, an tara ku daga Ghana daga Kamaru daga Mali daga Kwaddibuwa duk kuna neman gurbin baƙi 'yan ƙalilan da doka ta yarda kulob ya yi wa rajista, 'yan gida kuma ba sa ba ka ƙwallo saboda wurin ɗan uwansu ka zo ƙwacewa, kowane fas ɗaya da ka ɓata kana jin idon koci a ƙeyarka. Ni abin da ya taimake ni lamba shida ba ya jiran a ba shi ƙwallo, ƙwatowa yake.

Da suka ce sun ɗauke ni sai medikal, aka duba zuciya da gwiwa da jini. Ban taɓa ganin wannan a matsayin ɓata lokaci ba, don a ƙasar ne Endurance Idahor ya faɗi a fili yana buga wa Al-Merrikh a Maris ɗin 2010 bai tashi ba, har lokacin da na je mutane na maganarsa in sun ji kai ɗan Najeriya ne. Amma ga abin da ya kamata ka sani, medikal kafin sa hannu ake yi. In kulob ya riga ya sa hannu da kai, dokar FIFA ba ta yarda ya dawo ya ce kwantiragi ya ɓaci don ka faɗi medikal ko don bai samo maka takardar izinin aiki ba, wannan nauyinsa ne ya bincika tun farko. Kwantiragin da Larabci ya zo. Larabcina na Islamiyya ne, zan gane bismilla da lambobi amma ba yaren lauyoyi ba, sai na nemo wani ɗan Kano da ke karatu a Jami'ar Afirka nan Khartoum ya zauna ya karanta min layi layi, muka ga an rubuta albashi da fam ɗin Sudan alhali da dala muka yi magana, na ce a gyara, aka ɗan yi ja in ja aka gyara rabi dala rabi fam.

Na ɗauka shikenan ranar Juma'a zan sa jesi. Ashe da sauran babbar, ITC. Ita ce takardar da hukumar ƙwallon ƙasar da ka baro take tura wa hukumar ƙasar da ka je cewa ta sake ka, in babu ita ko kai ne Messi a benci ma ba za ka zauna ba. Tun Oktoban 2010 ta intanet ake yinta a wani tsari na FIFA da ake kira TMS, sabon kulob ya shigar da sunanka da kwantiraginka da fasfo, in ciniki ne tsakanin kulob biyu shi ma tsohon ya shigar da nasa bayanin kuma dole su dace, sannan hukumar can ta nemi ITC daga NFF, hukumar ƙwallon Najeriya, ita kuma NFF ta tambayi tsohon kulob ɗinka ko da gaske kun rabu. Duk wannan dole a fara shi kafin a rufe windo, wato lokacin da aka ware na rajistar sabbin 'yan wasa. Kuma ITC kyauta ce, haka dokar ta ce, ba a sayar da ita ba a gindaya mata sharaɗi.

To a nan ne tsohon kulob ɗina suka ce ai har yanzu ɗan wasansu ne ni, sai an biya kuɗin kiliyaras, wato kuɗin sakina. Kulob ɗin da nake binsu albashin watanni. Na kira sakataren na ce yallabai ai kwantiragina ya ƙare tun ƙarshen siza, ya ce kai dai ka gaya wa Larabawanka su yi wa ciyaman magana. Ina can ina tirenin safe da yamma, ranar wasa in hau sama in zauna cikin 'yan kallo, manajan kulob kullum ya gan ni sai ya tambaya ina takarda, windo na ta matsowa, ga wani ɗan Ghana da aka ajiye a otal ko da tawa ba ta zo ba. Kwafin nan da koci ya sa na karɓa shi ya cece ni. Yayana ya ɗauko shi daga akwatin Umma ya hau mota zuwa Abuja ya kai ofishin NFF, ga ranar farawa ga ranar ƙarewa ga sa hannun ciyaman da hatimi, ba abin musu. ITC ta fita ana saura ƙiris a rufe. Kuɗin da nake binsu kuwa har yau.

Zaman Sudan ya min daɗi, ba zan ɓoye ba. Zafi kam akwai shi, har ya fi na Maiduguri, amma ka shiga kasuwa a Omdurman ka ji tsohuwa na Hausa tsantsa, jikokin waɗanda suka taho tun bayan yaƙin Burmi a 1903 da alhazan da suka yada zango a hanya, har garinsu guda Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da daddare mu je mu ci agashe wajen Hausawa, da safe ful da burodi. A lokacin in Hilal da Merrikh, manyan kulob biyu na ƙasar, za su haɗu gari tsayawa yake cak. Matsalar ɗaya ita ce kuɗi. A lokacin takunkumin Amurka na kan ƙasar, sai a Oktoban 2017 aka ɗage, ba ka isa ka shiga banki ka tura dala gida ba, sai dai ka ba ɗan kasuwa a nan ɗan uwansa ya ba Yaya naira a Wapa, amana ce kawai ba rasit. Sannan fam ya dinga zubewa, rabin albashina da ke fam ya koma ba ya sayen abin da yake saye da. Da kwantiragi ya ƙare a ƙarshen 2017 suka ce in sabunta amma duka da fam, na yi musu godiya na taho. Yanzu in na ga hotunan filayen da muka buga wasa bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, har manyan kulob ɗin nan biyu suka koma buga lig a Muritaniya, raina ɓaci yake, akwai mutanen da suka ciyar da ni a gidajensu da har yau ban san inda suke ba.

Turai kuma kowa na son ta, amma a san wace Turai. Ingila galibi sai ka tara maki bisa wasannin da ka buga wa ƙasarka da irin lig ɗin da ka fito, Holan da Beljiyam doka ta sa dole a biya wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba albashi mai tsoka, to ba za su kashe wannan a kan lamba shida daga Sudan ba. Ƙofar irinmu ita ce ƙananan lig, Albaniya, Kosobo, Malta, Moldoba, ƙananan rukunin Fotugal ko Suwidin, ka shiga da fatan wani ya gan ka. Kuma ana gani, Peter Olayinka daga Albaniya ya bi har ya kai Gent da Slavia Prague. An kuma yi min tayin Arewacin Saifurus, ɓangaren Turkawa, kuɗin ma ya fi, na ƙi, saboda hukumar ƙwallonsu ba ta cikin FIFA, in aka cinye maka haƙƙi a can ba kotun FIFA da za ta saurare ka.

A bazarar 2018 na tafi Albaniya ta Abuja da Istanbul, wani ƙaramin gari, kulob mai neman tsira. Wannan karon ITC ba ta ba da wahala ba don Sudan sun sake ni lafiya. Mutanen garin kirki gare su, da masallaci kusa da gidan da aka ajiye mu, tsofaffi na zaune a shagon kofi suna kiran sunana in na wuce. Watan farko aka biya cas a hannu a ofishin shugaban kulob. Na biyu aka ba da rabi. Daga nan sai gobe, sai in mun ci wasan Asabar, sai in magajin gari ya saki kuɗi. Sanyi ya shigo, sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba, mu huɗu baƙi a gida ɗaya da hita ɗaya, mai gidan ya fara zuwa yana buga ƙofa don kulob bai biya haya ba, gidan abincin da aka ce mu dinga ci suka ce an daina ba da bashi. Ana haka a gida ana kirana, ƙanwata za a yi wa aure, kowa ya san Yaya na Turai. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo, ba yunwar ba, ka kasa faɗa wa mahaifiyarka cewa kai da ke Turai taliya da man gyaɗa kake ci sau ɗaya a rana.

Wani ɗan Kamaru da ya girme mu, ya buga ƙasashe da yawa, shi ya hana ni yin abin da zuciya ke raya min, wato in ɗau jaka in gudu. Ya ce ƙanena in ka tafi haka kai ne ka karya kwantiragi, su za su kai ka ƙara, a ci ka tara a dakatar da kai. Ya nuna min dokar da ta fara aiki a Yunin 2018, sashe na 14bis, in kulob ya riƙe maka albashin wata biyu cikakku kana da damar ka raba gari da su, amma sai ka fara rubuta musu takardar gargaɗi ka ba su aƙalla kwana 15 su biya duka. A rubuce, ba a baki ba, ba ta WhatsApp ɗin manaja kawai ba. Muka samu wani lauya ta hanyarsa wanda ya yarda sai an ci shari'a ya ɗau kasonsa, ya rubuta takardar da Turanci, ya jera watannin da adadin kuɗin, aka tura ta imel ɗin kulob na hukuma aka sa hukumar ƙwallon ƙasar a kwafi.

Kwanakin nan 15 su ne mafi tsawo. Lauya ya ce kar ka fasa tirenin ko sau ɗaya, kar ka makara, don abin da suke jira kenan su rubuta cewa kai ka gudu. Suka cire ni daga cikin tim suka ce in dinga zagaye fili ni kaɗai da sassafe a cikin wannan sanyin, na dinga zuwa ina ɗaukar bidiyo da wayata kullum da kwanan wata. Aka kira ni ofis aka ajiye min wata takarda da yarensu aka ce sa hannu a ba ka albashin wata ɗaya da tikitin gida yau ɗin nan. Na ɗau hotonta na tura wa lauya, ashe cewa take na karɓi duk haƙƙina ba na bin kulob ko sisi. Da yawa a nan ake gamawa da su, mutum ya gaji yana son gida, ga kuɗi a tebur. Na ce musu a'a. Fasfo ɗina kuma dama yana jikina, tun ranar da aka gama min takardar zama na karɓe abina, kar ka taɓa barin fasfo a ofishin kulob da sunan ajiya. Wa'adi ya cika ba su biya ba, lauya ya tura takarda ta biyu cewa na soke kwantiragi bisa hujja, ɗan Kamarun nan da wani limami a garin suka haɗa min kuɗin jirgi.

Na dawo Kano a farkon 2019 ba ko kwabo, windo a rufe kusan ko'ina, ina tirenin da yaran unguwa ana ta raɗa cewa an koro shi. Ƙarar kuma tana gaban kwamitin sasanta rikici na FIFA, DRC. Ga ɗan wasa shigar da ƙara kyauta ne, amma kana da shekara biyu ne kacal daga ranar da kuɗin ya wajaba, in ta wuce ya bi ruwa. Muka haɗa kwantiragi, takardun gargaɗi, shaidar imel, bidiyoyin nan. Kulob suka kawo wasu rasit wai na sa hannu na karɓi kuɗi, sa hannun ko kama da nawa bai yi ba. An ɗau watanni, hukunci ya fito an ba ni gaskiya, albashin da nake bi da diyyar ragowar kwantiragi, sai dai ana cire abin da ka samu a sabon kulob a tsawon wannan lokacin. Ana ba kulob kwana 45 ya biya, in ya ƙi a hana shi rajistar sabbin 'yan wasa har windo uku. Ba su biya ba sai da takunkumin ya hau kansu suka ga ba su da damar ɗaukar kowa, sannan ne shugaban da ya daina ɗaga wayata ya fara kirana yana ce min ɗana. A hankali a hankali suka biya, kuɗin da na sa harsashin gidan da nake ciki kenan.

Akwai wata doka kuma da ke kama masu yawo irina, a siza ɗaya kulob uku kawai za su iya yi maka rajista, kuma biyu kawai za ka buga wa wasan hukuma, sai dai in lokutan sizar ƙasashen sun saɓa. Na san wanda ya shiga minti kaɗan a wasan kofi a wani kulob, ya koma wani bai daɗe ba, na uku ya zo da kuɗi mai kyau aka ce sai dai ya jira sabuwar siza.

Ƙarshen 2019 wani tsohon abokin wasana ya haɗa ni da Bangladash. 'Yan Najeriya sun daɗe da yin suna a can da Indiya, har akwai wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ya buga musu, Eleta Kingsley. Su baƙo suke so mai ƙarfi wanda zai ɗau tim a ka, in an ci ku kai ne, ba ruwansu da cewa kai mai tare ne, ina ƙwallon da ka ci. Dhaka cunkoso ne da ban taɓa gani ba ko a Legas, shinkafa safe rana dare da yaji, amma ana biya, da dala, kuma musulmi ne ana tsayawa sallah. Mun fara lig kenan korona ta shigo a Maris ɗin 2020 aka tsayar, daga baya hukumarsu ta soke sizar gaba ɗaya. Kulob ya ce ba wasa ba albashi, muka zauna aka yi sulhu a rubuce kan wani kaso, wannan karon na yarda don na ga su ma abin ya fi ƙarfinsu. Najeriya ta rufe filayen jirgi, muna kulle a kam, a daidai lokacin ne kuma ake ta mace mace a Kano a watan Afrilu, kullum ka buɗe Facebook sai innalillahi, dattawan unguwarmu da yawa a waya na ji tafiyarsu, cikinsu har da ƙanin Baba da ya yi min huɗuba. Sai da aka buɗe jirage a Satumba na samu dawowa.

Oman ita ce ta ƙarshe, siza ɗaya, kuma ita ce mafi kwanciyar hankali. Komai a tsare, katin zama, gida, albashi ta banki ko da ya ɗan makara, da azumi tirenin sai bayan tarawi. 'Yan kallo ba yawa, ba mai zuwa daga Turai ya gan ka, wurin tara ɗan abin da za ka tara ne. A can gwiwata ta fara magana, da siza ta ƙare ba su sabunta ba, ban kuma yi musu ba.

In na duba irin su Shehu Abdullahi, daga Pillars zuwa Kuwait, Fotugal, Saifurus, Turkiyya, Bulgeriya, ko Umar Sadiq da aka yi ta bayar da shi aro daga Roma zuwa Bologna, Torino, Holan, Sukotlan kafin ya samu kansa a Partizan ta Sabiya har Sifen ta kira shi, ni ba tutoci nake gani ba, ina ganin sau nawa mutum ya sake koyon sunayen abokan wasa, sabon koci, sabon yare, sau nawa ya zauna jiran ITC. Su ma kenan da suka buga wa Super Eagles, ina ga mu da ba wanda ya san sunanmu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kocinmu na unguwa. Dokar FIFA ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, ga kuma kuɗin horo da ake biya in yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Ni dai ba a taɓa sayena da kuɗi ba, kullum a sake nake tafiya, amma akwai yaron da ya fito daga hannun wannan kocin aka sayar da shi da kuɗi masu kauri, koci bai ga ko naira ba, saboda tim ɗinmu ba ta da rajista da hukumar ƙwallon jiha, sunanta bai fito a tarihin rajistar yaron ba, wata akademi da ya yi 'yan watanni a cikinta ita ta kwashe. Mutumin da ya shekara yana saya mana ruwan leda da kuɗin facin da yake yi. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris da kuɗin nan ke bi ta cikinsa, kwamfuta ce ke duba inda aka yi wa yaro rajista tun yana ƙarami ta fitar da masu haƙƙi, wanda ba ya ciki ba ya ciki.

Shi ya sa da na dawo na karɓi ragamar tim ɗin tare da shi, abin da muka fara yi kafin mu sayi ko ƙwallo ɗaya shi ne rajista da hukumar jiha, muka buɗe asusun banki da sunan tim, kowane yaro da fayil ɗinsa, takardar haihuwa ta gaskiya, lambar NIN, hoto, sa hannun mahaifi. Iyaye wasu na ganin wahalar da su muke, wani uba ya ce min malam ƙwallon ma sai an cike fom kamar jami'a, na ce masa Baba haka ne, kuma in wani ya zo da maganar fitar da shi waje a turo min shi mu zauna tukunna. Yanzu haka akwai ɗaya da wani kulob a Suwidin ke so, mai buga gefe, zai cika 18 bayan sallah babba, na rubuta wa kulob ɗin ta imel ɗinsu na hukuma sun tabbatar da gayyatar tasu ce kuma su za su biya jirgi da masauki, fasfo ɗinsa ya fito da suna daidai da na lasisi, saura biza.